Tambaya da Amsa: Motar lantarki za ta iya riƙe mana firiza da dare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazaunin Ƙofar Ƙaura ne a Katsina. Bayan cire tallafin mai a 2023 na sayi Nissan Leaf ta hannu, irin ta farko. Maiɗakina tana sana'ar zoɓo da kunun aya, kuma in wuta ta ɗauke da dare ƙanƙarar firiza kan narke kafin asuba. Ɗan yayana mai haɗa sola ya ce ga ƙaton batir yana kwana a gareji a banza, a bari ya jona masa inbata ya ba gida wuta. Hankalina bai kwanta ba. Zai yiwu ba tare da mun ƙona motar ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Zai yiwu, amma ka fara tambayar ɗan naka wane batir yake nufi, don biyu ne a motar.

Babban yana shimfiɗe a ƙarƙashin mota, ƙarfinsa ya kusa bolt 400. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin bonet tasa ce. Wannan ba hurumin mai haɗa sola ba ne komai ƙwarewarsa, don taɓawa ɗaya tana iya kashe mutum nan take. In wannan yake nufi, karɓe makullinka.

Na biyun shi ne ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota. Kamar buta yake a bakin famfon tanki: ba ya ɗaukar da yawa, amma muddin motar tana kunne, alamar READY ta fito a allon direba, akwai na'ura a ciki da ke rage ƙarfin babban batir tana cika ƙaramin. A nan ake jona inbata. In an kashe motar cikon ya tsaya, inbata ta zuƙe ƙaramin cikin ɗan lokaci, da safe motar ta ƙi tashi alhali babban cike yake. Saboda haka a kunne za ta kwana, a giyar P, an ja birkin hannu, an kashe esi da fitilu, an kuma kulle gareji saboda yara.

Kada inbatar ta wuce wat 1,000. Ga dalili: wat 1,000 a kan bolt 12 yana jan amfiya 83, da asarar inbata ya doshi 100, kuma na'urar cikon nan ba ta wuce haka da yawa ba, ga motar ita ma tana cin nata. A nan ne aikin gida ya fi lalacewa. Sai ka ga an kawo siririyar waya irin ta soket, an maƙala da ɗan kilif, bayan rabin awa roba ta fara wari. Waya mai kauri ake so irin ta masu walda, murabba'in milimita 25 ko 35, gajera, da kawuna da aka matse aka ɗaure da noti. A sa fiyus na amfiya 125 dab da kan batir na ja. Baƙar wayar kuma a ɗaura ta a ƙarfen jikin mota, don a kan batirin akwai ma'aunin da motar ke lissafin caji da shi. Ramin kunna sigari kuwa a manta da shi, wat 120 ne iyakarsa, sai cajin waya.

Tunda don firizar Hajiya ake yi, inbatar ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda aka rubuta pure sine wave a kwalinta, mai ba da bolt 230. Mai arhar nan tana sa kwamfireson firiza gurnani da zafi har ya mutu. A duba kuma tana jure fizgar farko, don firiza mai cin wat 150 takan ja ninki uku zuwa biyar a daƙiƙar da ta tashi.

Firiza ɗaya, fanka biyu, ƙwan fitila biyar da talabijin ba za su wuce wat 450 ba. Dutsen guga, hita, esi da injin rijiyar burtsatse, babu su a wannan lissafi.

Sai maganar "ba gida wuta". Kada a kuskura a cusa wutar inbata a soket ɗin bango. Wutar za ta bi layi ta fita har kan turke, ta samu ma'aikacin KEDCO da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. In kuma aka dawo da wuta, inbatar ta tafi. Ko dai a ja ekstenshan mai kauri kai tsaye zuwa firiza da fankoki, wanda shi na fi so, ko mai wayarin ya sa cenji-oba kamar yadda ake wa janareta.

Ga masu shirin saye: wasu sababbin motoci sun zo da wannan daga kamfani. Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 na iya ba da har kilowat 3.6 ta ramin caji. Sai dai a lura, wadda aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take fitarwa, ba ta dace da kayanmu ba.

Abu na ƙarshe, Alhaji, lissafin safiya. Leaf ta farko da ta fito a 2010 batirinta kilowat-awa 24 ne tana sabuwa, kuma ba shi da ruwan sanyaya, ga zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsufar da shi. Kayan da na lissafa, awa goma, haɗe da cin motar da asarar inbata, za su kwashe kilowat-awa 6 zuwa 7. A tsohon batir wannan ya kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye. In zirga-zirgarka daga gida zuwa kasuwa ce, babu damuwa. Daren da za ka wayi gari ka nufi Daura kuwa, kilomita kusan 80, a tayar wa Hajiya janareta.