Baba Yana Shan Maganin Parkinson Amma Kamar Ba Ya Sha

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekarunsa 67. Shekara huɗu ke nan da likita a Kano ya ce cutar Parkinson ce ke sa masa karkarwar hannu da nauyin jiki, ya ɗora shi kan maganin Sinemet sau uku a rana. Da farko har gona ya koma. Yanzu kuwa wani lokaci ya sha ya ji sauƙi na ɗan lokaci, wani lokaci ko gezau. Da fura da nono muke ba shi saboda tashin zuciya. 'Yan'uwa sun ce a daina a koma na gargajiya. Ina mafita? Daga wani mai karatu, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka muku da alheri. Kafin komai, ɗan'uwa, kada ku yanke masa maganin nan. Wanda ya daɗe a kansa idan aka tsayar kwatsam yana iya sandarewa, zazzaɓi mai tsanani ya rufe shi, hankali ya gushe, har a rasa rai. Haka kuma kada ku ninka masa da kanku.

Inda muka fi zargi shi ne furar nan. Sinadarin da ke aiki cikin Sinemet shi ne levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dopamine, sinadarin da ke daidaita motsin jiki, wanda cutar ta rage mata. Ba a tumbi yake shiga jini ba, sai ya gangara ƙaramin hanji, kuma ƙofa ɗaya yake bi da sinadaran abinci mai gina jiki. Idan suka iso tare da nono, nama, kifi, ƙwai, ƙosai, alale ko awara, sai su yi masa cunkoso, kaɗan ne zai kai ƙwaƙwalwa. Ku ba shi da kofi guda cike da ruwa, minti 30 kafin abinci ko awa 1 zuwa 2 bayansa. In zuciyarsa na tashi, ɗan burodi ko koko marar madara ya wadatar. Ba cewa muka yi a hana dattijo nono da wake ba, don ramewa ma matsala ce a wannan cuta. A mayar da mafi yawansu abincin dare.

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana riƙe levodopa a hanji, a raba su da awa 2 aƙalla. Sai taurin bayan gida, wanda yake damun masu Parkinson sosai amma ba a cika faɗa wa likita ba. Ciki in ya cushe, magani yakan makara ko ya ƙi aiki sam. Ruwa isasshe, miyar kuka da kuɓewa, zogale, gwanda da ɗan tattaki kullum suna taimakawa.

Ku tattaro duk abin da aka saya masa a kemis ku karanta sunayen. Maganin amai irin su metoclopramide da Stemetil, na jiri irin su Stugeron, da na taɓin hankali irin su haloperidol da Largactil, duk suna toshe aikin dopamine, wato suna warware abin da Sinemet ya ɗaura. Artane kuma, wani maganin karkarwar Parkinson da wasu ke saya saboda arha, yakan jawo wa mai shekarun Baba ruɗewa, gane-gane da riƙewar fitsari. Ku duba ƙarfin ƙwayar ma: akwai mai levodopa miligram 100, akwai mai 250, kuma sauyin kamfani kan sa a ɗauko wata a madadin wata ba a lura ba. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye nesa da zafin rana da murhu.

In an gyara waɗannan amma sauƙin bai kai lokacin shan na gaba ba, to cutar ce ta matsa, kuma an saba ganin haka bayan 'yan shekaru. Levodopa yana raguwa da rabi a jini cikin kamar minti 90. A farkon cuta ƙwaƙwalwa na ajiye shi ta riƙa saki a hankali, daga baya ajiyar ta yi rauni. Likita kan raba maganin sau huɗu ko biyar, ko ya haɗa da wani. Shi ya sa a sa ƙararrawar waya, a bi agogo, ba sai an tuna ba.

Ku bambanta karkarwa da murɗe-murɗen kai da kafaɗa da ke zuwa kamar awa guda bayan sha. Murɗe-murɗen nan alamar magani ya yi yawa ce a jini, ƙari zai tsananta su. Sannan da saurin motsi da sakin gaɓoɓi ake auna aikin magani. Karkarwa takan yi taurin kai, faɗuwa da dusashewar murya kuwa ba su cika jin sa ba. Da a ce tun farko bai taɓa amfanar Baba ba duk da isasshen adadi, da sai a sake binciken ko wata cuta ce mai kama da ita, kamar wadda hawan jini ke jawowa. Komawarsa gona alama ce mai kyau.

Idan jiki ya rikice cikin kwana biyu ko uku, ku nemi zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, limoniya ko ƙarancin ruwa, a kai shi asibiti mafi kusa ranar nan.

Mako guda kafin ganin likita, ku rubuta lokacin shan magani, abin da ya ci, lokacin da jiki ya saki da lokacin da ya sake ɗaurewa, ku ɗauki ɗan bidiyo a waya na yanayin biyu. Ku karɓi takardar turawa daga babban asibitinku zuwa sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku tafi da kwalayen magungunan duka, har da na gargajiya in an fara ba shi.