Kafin ka sayar da gonar Rimi saboda fiyano

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda irin wannan magana ba a yanke ta a tsaitsaye. Ka ce, "Maigida, rabona na gonar Rimi ya samu mai saye. Ina son in ɗauki kuɗin in sayo Prophet-5 ɗin nan da muke kallo a bidiyo. Kana ganin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?" Amsata ita ce kada ka saya yanzu. Amma shekara uku kana naɗe mini waya a situdiyon nan, ka wuce in ce maka a'a in yi shiru.

Ba zan kushe maka ita ba, domin abin so ce. Sintisaiza ce, wato fiyanon da ke ƙirƙirar sauti da lantarki. A 1978 wani injiniya mai suna Dave Smith ya fitar da ita a Kalifoniya ta Amurka, a kamfaninsa Sequential Circuits. Kafin nan sintisaizar da aka fi sani, irin su Minimoog ta 1970, murya ɗaya gare su tamkar algaita, in ka danna madanni biyu ɗaya kawai zai yi kuka. Akwai masu murya da yawa a lokacin, sai dai in ka haɗa sauti mai daɗi yau, gobe sai ka sake murɗe-murɗe daga farko. Prophet-5 ce ta zo da murya biyar, ta kuma zo da ƙwaƙwalwar da ke riƙe sautin da ka haɗa. A 2020 aka sake ƙera ta sabuwa, wadda kake gani ke nan. Sau ɗaya na taɓa ta, a wani situdiyo a Legas. Na aza yatsu uku a can ƙasa, na murɗa filta, abin da ke tace sautin, a hankali, sai na ji rigata tana rawa a ƙirjina. Har muka wuce Zariya a motar dawowa sautin nan bai bar kunnena ba. Saboda haka na san ciwon da ke damunka, ni ma na yi shi.

To amma ka san ma'anar biyar ɗin nan kuwa? Hannun hagu ya riƙe biyu, na dama ya riƙe uku, an gama. Ka ƙara yatsa na shida, sai ta ƙwace muryar ɗaya daga cikin na farko ta ba shi. Yamaha PSR-S970 da kake kaɗawa kullum tana ɗaukar murya 128. Tsadar Prophet ɗin daga cikinta take: kowace murya da nata kayan lantarki daban, osileta biyu masu samar da sautin, filta ɗaya, da abin da ke buɗe sautin ya rufe shi, duk sau biyar. Kauri da ɗumin sauti kake saye, shi ke nan.

Ganga kuwa babu a cikinta, balle kalangu. Babu sarewa ta gaske, babu goge, babu sautin fiyano irin wanda ka saba. Ba ta da lasifika, ba ta da sitayil ɗin da za ka danna kiɗa ya tashi da kansa mawaƙi ya hau. Ko eko ba a sa mata ba, kuma sauti iri ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Yanzu ɗauko littafin aikinmu ka duba watan jiya. Waƙar amarya, waƙar amarya, bege, tallar maganin gargajiya, waƙar ɗan takara, sai wata waƙar suna. Wanne daga ciki ne ya tsaya saboda ba mu da Prophet? Ka tuna Hajiyar nan ta Ƙofar Marusa da ta zo karɓar waƙar 'yarta? Ta sa aka tura mata a waya, ta kara wayar a kunne, abin da ta tambaya shi ne me ya sa sunan kakar amarya bai fito sosai ba. Yawancin masu jin aikinmu ta lasifikar waya suke ji, bayan WhatsApp ya matse waƙar. Kaurin nan da ya girgiza mini riga ba ya bi ta wannan 'yar ƙofa.

Sai kuɗi. Da ta fito a 2020 kusan dala 3,500 ake sayar da ita. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 ka ga inda dala ta nufa, a 2024 ta haura naira 1,500. A wannan lissafi ka zarce miliyan biyar tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Ka raba wannan da abin da muke karɓa a waƙa ɗaya, ka ga waƙa nawa za ka yi kafin uwar kuɗi ta dawo. Kuma babu mai ƙara maka ko sisi don ka ce da ita ka kaɗa.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin saye ba ne, riƙon ne. Ka san abin nan da ke saman kabad an lulluɓe shi da tsohon zanen gado, wanda na hana ku taɓawa? Sintisaiza ce mai murya shida, ta hannu na saye ta tun kana firamare, da kuɗin babur ɗina. Wata bakwai na more ta. Ran nan da yamma muna cikin aiki aka ɗauke wuta, yaron da ke wurina a lokacin ya tada janareto ya juya layi ba tare da ya jira ya daidaita ba, ni kuma ban sa sitabilaiza a tsakani ba. Wani ɗan ƙauri kawai na ji, kamar an ƙona roba. Da na kunna, in na bi madannai a jere sai biyar su yi kuka na shida ya yi shiru, haka take ta zagayawa. Na kai ta Sabon Gari a Kano, mai gyaran ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ƙwayar ba, sai dai a aiko daga waje. Na kai wa wani, ya taɓa, ta dawo da murya huɗu. Shekara goma sha ke nan tana kwance, kuma har yau in na ɗaga zanen sai raina ya ɓaci.

Ga ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka san yadda muke share mikisa da safe, kafin la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Na'urar da fuskarta duk abin murɗawa ce, kowane ɗaya ƙofa ce ga ƙurar hunturu, in ta shiga sai ka ji ƙarar-ƙarar duk lokacin da ka murɗa. Ga zafin Afrilu, da Katsina ke haura digiri 40. Osileta ta analog tana bin zafin ɗaki, in ya sauya sai muryarta ta ɗan karkace, shi ya sa aka yi mata madannin daidaita murya. A ɗakin da ke da iyakwandishan dare da rana wannan ba komai ba ne. Namu ɗakin fanka ɗaya ce, ita ma sai mun kashe ta in za a ɗauki murya.

Abin da nake so ka yi ga shi. Shi Dave Smith ɗin yana cikin waɗanda suka kawo MIDI a 1983, tare da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland, kuma da wannan ne fiyanonmu ke magana da kwamfuta. Ka haɗa PSR ɗin da kwamfutar situdiyo. Akwai manhajojin sintisaiza na kwamfuta irin su Surge XT da Vital, kyauta ne. Akwai Dexed, shi ma kyauta, yana kwaikwayon Yamaha DX7 ta 1983. In Prophet ɗin ce lallai, kamfanin u-he yana da Repro-5, Arturia ma suna da tasu, kuɗinsu bai kama ƙafar na ƙarfen ba. Ba zan ce maka daidai suke ba. Kama abu da hannu ka murɗa kana ji yana sauyawa ya fi jan linzamin kwamfuta daɗi nesa ba kusa ba, kuma hannu ya fi saurin koyo a haka. Amma a cikin waƙar da aka jera ganga da murya da amshi, ni kaina ba kullum nake rabe su ba.

Na ba ka wata uku. Ka buɗe Surge babu sautin kowa a ciki, ka gina mini sarewa daga tushe, da ɗan hucin iskar nan na bakin mai busa. In ka gama ka gina algaita, ka yi amfani da wilin lanƙwasa murya har ta yi kukan da muke ji a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah. Sannan ka gwada kalangu, yadda muryarsa ke hawa in an matse tsirkiya a hammata. Ranar da ka kawo mini waɗannan uku na ji na gyaɗa kai, ka san me filta ke yi, ka san me kake nema a na'ura. A lokacin in hannunka na ƙaiƙayin abin murɗawa, Korg Minilogue tana nan, murya huɗu, analog ce ta gaske, ta fito a 2016 a wajen dala 500, kuma ana samun ta hannu. In ta lalace za ka ji zafi, amma ba gona ce ta tafi ba.

Babbar kuwa lokacinta na zuwa in Allah ya so: ranar da masu fim suka fara kiranka kiɗan bayan fage, kana da ɗaki mai sola da inbata da sanyi, kuma kuɗin daga aikin hannunka ya fito. Ko yau ka ce in zaɓa maka inda za ka sa kuɗi a sana'ar nan, batir da inbata zan fara cewa, sai makirufo mai kyau, sai soson bango, don amon ɗaki ya fi ɓata mana aiki a kan rashin kowace fiyano.

Gonar kuma, ka je ka zauna da mahaifiyarka kafin ka sake amsa wayar mai sayen nan. Geron da ake nomawa a wurin shi ke riƙe gidanku daga kaka zuwa bazara, na sani don na sha furarsa. Gobe ka zo bayan azahar, akwai muryar mai begen nan da ba mu gama tacewa ba. In mun gama ka ɗauko sukundireba, mu sauko da ta saman kabad, in buɗe maka ka ga yadda murya shida ke jere a ciki da inda wutar ta ci.