Na ba ɗan yayata jari yana ba ni dubu 60 duk wata, yanzu ya ce uwar kuɗi ta ragu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamar firamare ce da na yi ritaya. Da aka biya ni kuɗin sallama, na ɗauki naira miliyan 2 na ba ɗan yayata da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ya juya mini. Muka yi da shi zai riƙa ba ni dubu 60 duk ƙarshen wata a matsayin ribata, kuma bai taɓa saɓawa ba har wata 12. Yanzu wata buƙata ta taso, na ce ya dawo mini da kuɗina, sai ya ce abin da ya rage bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, wai abin da yake ba ni ma daga cikin uwar kuɗin yake cirowa. Ba mu rubuta komai ba, don ɗa na ɗauke shi. Shin miliyan 2 ɗina zai biya ni cif, ko asarar tawa ce? Kuma abin da na riga na ci halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Malama, abin da kuka yi niyyar ƙullawa shi ne ƙiradi, wanda kuma ake kira mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo ƙarfinsa da sanin kasuwa, su raba riba. Halal ne, sahabbai sun yi shi. Imam Malik ya buɗe babin ƙiradi a Muwaɗɗa da labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, waɗanda Abu Musa Al-Ash'ari ya ba kuɗin baitulmali a Basra suka sayi kaya suka sayar a Madina, aka ƙare da baitulmali ta karɓi uwar kuɗi da rabin riba, su kuma suka ɗauki rabi.

Inda kuka kuskure shi ne yanka dubu 60. Rabon ƙiradi da kaso ake yin sa, rabi da rabi, ko ɗaya bisa uku, ko duk yadda aka daidaita, amma daga ribar da aka samu. Ibnul Munzir ya hakaito haɗuwar malamai a kan cewa ƙiradi ya ɓaci idan ɗayansu ya sharɗanta wa kansa adadin kuɗi sananne. Dalilin a fili yake. Wata zai zo, kamar gab da sallah, a samu riba mai tsoka, ke kuma an tsare ki a dubu 60. Wani watan kasuwa ta yi sanyi, ribar duka ba ta kai haka ba, shi ya yi wahalar banza ko ya taɓa uwa ya ba ki. Da kuma ya ɗaukar miki alkawari baki da baki cewa ko me ya faru miliyan 2 ɗinki na wuyansa, to an tashi daga kasuwanci, ya zama bashi da kuɗin ruwa. A nan sai a lura, kalmarmu ta "riba" halal ce, haramtacciyar ribar da Alƙur'ani ya ambata ita ce muke ce wa kuɗin ruwa. Da haka kuka yi, uwar kuɗinki kawai gare ki, a cire dubu 720 da kika karɓa, ya cika miki saura. Ba ki ce kun yi hakan ba, don haka na ɗauki naku a matsayin ƙiradin da sharaɗinsa ya gurɓata.

Kafin a ce wa ke bin wa, sai an san ko an ci riba ko an faɗi, kuma ina zaton ku biyun ba wanda ya sani. Yawancin 'yan kasuwarmu suna kallon ciniki su ɗauka riba ce. Kuɗi na shigowa durowa, waya na ƙarar shigar kuɗi, sai mutum ya sa hannu ya ɗebi na cefane, gobe na makarantar yara, jibi gudummawar biki, ba ya rubutawa. Ciniki daban, riba daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda, a zamanta na 1988, ta fayyace cewa abin rabawa shi ne abin da ya ƙaru a kan uwar kuɗi, ba kuɗin da ke shigowa ba. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Malik ya ce mai dukiya sai ya fara cika uwar kuɗinsa sannan a raba riba, littafin Risala na Ibnu Abi Zaid ma ya ce ba sa raba riba sai jari ya koma tsabar kuɗi. Malaman wannan zamani sun yi sauƙi, suka yarda a ƙiyasta kayan da ke shago da farashinsu maimakon jiran a sayar da su duka, kuma duk abin da aka karɓa kafin lissafi a ɗauke shi somin-taɓi ne, za a cire shi ranar lissafi.

To ku sa rana, a rufe shago, ki tura wani namiji da kika amince da shi wanda ya san atamfa, a ƙirga turmi-turmi. A sa wa kaya farashin da 'yan sari za su ɗauka yau, ba wanda ake faɗa wa mai saye kafin a fara taya ba. Atamfar da yayinta ya wuce, wadda ta shekara a saman kanta har ninkinta ya koɗe, kuɗinta na yau za a rubuta, ba na ranar da aka saro ta ba. A buɗe littafin bashi, a ware wanda ake sa ran zai fito da wanda mai shi ya daina ɗaga waya. A cire abin da dila ke bin shago. Idan ya cakuɗa kuɗinki da nasa, a fitar da kason kowa gwargwadon abin da ya zuba.

Bari in ƙaddara miki lissafi don ki ga yadda abin ke fitowa. A ce an sami tsabar kuɗi dubu 300, kaya na miliyan 1 da dubu 100, bashin da zai fito dubu 250, dila kuma na bin dubu 200. Abin da ke ƙasa ya zama miliyan 1 da dubu 450, daidai da abin da ya faɗa miki. Amma lissafi bai ƙare ba, sai an dawo da abin da aka ɗiba. Ke kin karɓi dubu 720. A ce shi ma ya ci dubu 400 a hidimar gidansa. Jimla miliyan 2 da dubu 570. Kin ga ashe ba faɗuwa aka yi ba, an ci ribar dubu 570, sai dai ku biyu kun ɗebi miliyan 1 da dubu 120, kuka cinye ribar kuka shiga uwa. Da rabi da rabi ne, kowa na da dubu 285. Haƙƙinki gaba ɗaya miliyan 2 da dubu 285, kin karɓi dubu 720, saura miliyan 1 da dubu 565. Wato ki ɗauki abin da ke shago duka, ya kuma ciko miki dubu 115 da ya ci fiye da rabonsa. Cefanen gidansa ba ya shiga kuɗin gudanar da kasuwa. Malik ya ce mai juya dukiya yana ci daga cikinta ne idan ya yi tafiya dominta, ba yana zaune a garinsu ba. Kuɗin hayar shago da na mota da na 'yan dako, waɗannan kam a kan dukiyar suke.

Saura me za a ba shi, tunda sharaɗin farko ya rushe. Abu Hanifa da Shafi'i sun ce riba duka ta mai dukiya ce, shi a biya shi ladan aiki irin na takwarorinsa. Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, shi ma a irin wannan yanayi, inda mai dukiya ya keɓe wa kansa ƙari, ladan aiki ya ce. Ashhab da Ibnul Majishun kuwa, su ma almajiran Malik, suka ce a mayar da su ga kason da aka saba bai wa irinsa, Ibnu Taimiyya ma ya rinjayar da haka. Ni wannan na fi natsuwa da shi a naku, domin yaron bai shiga a matsayin ɗan albashi ba, kuma idan aka yanka masa ladan wata 12 yana iya zarce ribar gaba ɗaya ya sake cin uwar kuɗinki. Ku tambayi dattawa biyu na layinsu nawa ake ba mai juya jari irin wannan, ku bi.

Idan kuwa lissafi ya nuna faɗuwa ce ta gaskiya, asarar kuɗi taki ce, shi ya yi asarar wahalarsa, kuma ana karɓar maganarsa da rantsuwa domin amana aka ba shi. Sai fa in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to ya biya. Bashin da ya mutu yana iya shiga nan, don a mazhabar Malik mai juya dukiya ba ya sayarwa bashi sai da izinin mai ita, Hanafawa ne suka bar shi ga al'adar kasuwa. In kin san yana ba da bashi kika yi shiru, kada ki riƙe shi da wannan.

Abin da kika ci, Malama, ba haram kika ci ba. Wani sashe ribarki ne, saura kuɗinki ne kika karɓa da wuri, kuma ba ki san hukuncin ba. Ku yi istigfari ku biyu. In za ku ci gaba, ku warware na da tukuna, ku ƙulla sabo a rubuce da shaidu biyu: nawa ne jari, kaso nawa kowa zai ɗauka, an yarda ya ba da bashi ko a'a, da ranar ƙirga kaya, ko sau biyu ne a shekara. Kina iya ci gaba da karɓar wani abu duk wata don biyan buƙata, amma a rubuta shi a matsayin abin da za a cire daga rabonki ranar lissafi, in ya zarce rabon ki mayar ko a rage shi daga uwar kuɗinki.

Allah ne Mafi sani.