Bulo ba ƙafar mashin ba ne

Kai yaro, kana tambaya me ya sa na hana ka tokare mashin da bulo in za ka cire taya, alhali shagon gaba da mu haka suke yi. Ajiye sifanar nan ka saurara.

Kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, aiki ya yi mana yawa har abinci a tsaye muke ci. Wata Alhamis wani mutum ya kawo ƙaton mashin irin na tsere, wanda ya haura kilo 200, ba shi da ƙafar tsakiya sai ta gefe kaɗai. Wanki yake so da canjin sarƙa. Na wanke shi tas, ruwa ya kwanta a ƙasa, na sa yara biyu suka ɗaga bayansa, na cusa bulon siminti da guntun katako a ƙarƙashin injin. Ina ɗora sifana a kan notin taya na danna da ƙarfina, sai ji na yi rigijib! Ashe bulon ya sha ruwa. Mashin ya kife a kan akwatin kayan aiki, tanki ya lotsa, hannun kuloci ya karye.

Wannan laifina ne, ban musa ba. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya, mutumin nan da ya dawo sai ya nuna wata tsohuwar tsagewa a robar gefe, wadda ƙura ta riga ta yi baƙi a cikinta, ya rantse da Allah yau ta faru. Ya haɗa da fitila, ya haɗa da salansa. Ba ni da shaida, don ban zagaya mashin a gabansa ba da ya kawo. Sai da na sayar da Jincheng ɗina, wanda nake kai 'ya'yana makaranta da shi. Ya tsaya nan inda kake yana laƙato yawu yana ƙirga kuɗina, ko sannu bai ce ba.

Satin nan na je Ƙofar Ruwa na sayo bututun ƙarfe, na zauna kan mai walda har ya haɗa mini wancan abin da kuke rataya riguna a kai. Hannuwa biyu ne masu kama ƙarfen da ke riƙe tayar baya, da ƙananan tayoyi, da doguwar mariƙa. Ka danna ta ƙasa, bayan mashin ya tashi cak. Manyan gareji suna da tebur mai jak da ke ɗaga mashin har ƙugu, wasu kuma ƙarafa biyu masu mirginawa suke sawa a ƙarƙashin taya don ta juya a wurin wanke sarƙa. Nawa bai taɓa ba ni kunya ba.

Boxer kuwa da ƙafar tsakiyarsa ya zo, wannan ko jariri ya sani. Amma sassauta notin tun taya tana ƙasa, ka ɗaure hannun birkin gaba da roba. Kuma kada in sake ganin ka tayar da injin kana goge sarƙa da tsumma. Haƙoran nan da sarƙa ke hawa ba sa mayar da yatsa. Ku yaran yanzu hannu ɗaya a aiki, ɗaya a waya, kome sauri kuke so.

Je ka kwashe rigunan nan ka jawo shi, mai Haojue ɗin can ƙarfe huɗu zai dawo.