Maganar bakan da yaronka yake wa kuka

Wa alaikumus salam ɗana, ya gida ya iyali, ya maigidan nawa mai rigima. Naga saƙonka tun jiya da magariba amma ka san ni da rubutu a waya, sai da na bari gari ya waye na nemo tabarau. Kace tun da kuka kai shi kallon hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya ga 'yan baka, yaro ya hana ku sakat sai an yi masa baka da kibiya, ita kuma mamansa tace sam, wannan ba abin ba ɗan shekara biyar bane, har kana tambaya wai a al'adarmu ana yi wa yaro baka ko kuwa sai 'ya'yan maharba.

Toh ana yi mana, mu ma da shi muka tashi. Gidanmu ba gidan farauta bane, kakanka ɗinkin hula da fatauci ya sani, amma ba yaron da ya tashi a unguwarmu bai riƙe bakan wasa ba, musamman bayan kaka in an shigo da karan dawa gari. Abin da ya bambanta shine 'ya'yan maharba nasu gado ne, ana koya musu da gaske har da sanin dafi da sirrin daji, mu kuwa namu wasa ne kamar langa da motar kara. Kuma ka faɗa wa matarka a addinance ma ba laifi, yana cikin Buhari Manzon Allah (SAW) ya wuce wasu sahabbai suna gasar harbi yace ku yi harbi ya 'ya'yan Isma'ila domin babanku maharbi ne. Kafin Turawa su ci Kano a 1903 ai da baka da mashi da takobi aka tsare ganuwar nan, shi yasa har gobe ake da sarautar Sarkin Baka, in ka shiga Gidan Makama ma zaka ga irin kayan yaƙin.

Amma fa tsoron da take ji ba na banza bane, kar ka raina mata. Ka taɓa tambayar babanka tabon nan da ke saman girarsa ta hagu? Ni na yi masa. Ina ɗan shekara tara shi yana shida, wani yayanmu a unguwa ya koya mana a fasa kan kara a cusa ƙusa a ɗaure da zare, wai mu 'yan farauta, muna bin ƙadangaru a jikin katanga, na ja na saki daidai lokacin shi kuma ya leƙo daga soro. Wallahi da ta sauko da faɗin yatsa ɗaya da yanzu babanka ido ɗaya gareshi. Ranar Hajiya ba ta dake ni ba, kallona kawai ta yi tana danne jinin da gefen zaninta, dukan sai da Malam ya dawo daga kasuwa, amma har yau kallon nan ya fi min ciwo. Kaga baka bai yi laifi ba, ƙusa ce, da kuma rashin babba a wajen. Shi yasa nake so kai da hannunka zaka yi masa, kar ka ba almajiri ko yaran layi ɗari biyu kace su haɗo masa, su abin da zai yi nisa ya huda suke so.

Itacen shine rabin aikin. Kar ka je 'yan katako na Na'ibawa ka sa kafinta ya tsaga maka falange, katakon da aka yanka da inji an yanke masa jijiya, kana tanƙwarawa zai ɓalle ya yi tsini. Reshe ake nema ɗanye miƙaƙƙe wanda ba gaɓa ba ƙulli, geza in ka samu ita ce gaba, ko magarya a kankare ƙayar, ko gora a tsaga. Zogale kuwa ko kyauta kar ka karɓa, ruwa ne kawai, darbejiya ma tana yi na kwana biyu amma da ta bushe sai ta karye. Da mu fita kawai muke bayan Ƙofar Ruwa mu saro, yanzu ko'ina ya zama gidaje da shaguna, sai dai ka yi wa masu kawo itace daga wajen Bichi ko Dawakin Tofa magana, ko ka faɗa wa mai kawo muku nono, zasu kawo maka har biyu uku ka zaɓa.

Tsayinsa ka tsayar da yaron ka auna daga ƙasa zuwa haɓarsa, kauri kuma kar ya wuce ɗan yatsanka manuni, don in ya yi kauri ba zai iya ja ba sai ya dinga sa ƙafa yana kokawa da shi, nan ake jin ciwo. Ka ɓare ɓawon, ka dafa shi a ƙasa ka ga ta ina shi da kansa yake son lanƙwasa, kowane reshe yana da ɓangaren da ya fi so, ka bi shi kar ka yi masa dole. In zaka rage kauri da wuƙa ta ciki zaka fere, wato ɓangaren da zai kalli yaron, bayan kuwa kar wuƙa ta taɓa shi don nan ne ƙarfin yake, kuma bakin biyu su fi tsakiya siranta kaɗan. Sai ka ɗan tanƙwara shi ka ɗaure ka jingine a inuwa kamar sati guda, ba a rana ba, rana tsaga shi take. Nasan zai dame ka da yaushe yaushe, ka bar shi ya dinga zuwa yana dubawa, jiran ma wani abu ne. Bayan nan ka goge da sanfefa ko fasasshen tangaran har ya yi sumul, ka shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗe.

Tsirkiya ta manya da fata ake murza ta, namu na yara igiyar rama ce, yanzu wannan siririyar igiyar shanya ta leda ma ta wadatar. Ka yi ɗan tsagi a kowane baki inda zata zauna, in ka ɗaura kar ka ɗame ta kamar ta garaya, tsakanin igiya da mariƙi ya zama dunƙulen hannunka kawai. Robar tayar keke kuma a'a, wannan ya zama danƙo, in ta tsinke fuska take nema. In an gama wasa a kwance igiyar ta gefe ɗaya, in ba haka ba itacen zai saba da lanƙwasa ya mutu.

Kibiyar ce inda nake so ka buɗe kunne. Sillen karan dawa, wannan siririn na sama da ke ɗauke da zangarniya, shi ne daidai, ba nauyi kuma in ya karye ba asara. Ta fi tsawon hannunsa in ya ja, don gajeriya tana zamewa ta soki hannun da ke riƙe da bakan. A kanta ka naɗa tsumma ko soson katifa ya yi dunƙule kamar goro ka ɗaure tam. Ba ƙusa, ba waya, ba tsinken tsire, kai ko fiƙe kan karan kar a yi. Guda uku sun isa, ka san adadinsu ka dinga ƙirgawa, duk ranar da ka ga ta huɗu toh wani ne ya yi masa, ka bincika.

Wajen harbi ka cika tsohon buhu da ciyawa ko ka samo kwalin taliya ka zana masa da'ira da gawayi, ka jingina a katangar da ba ƙofa ba taga, taku biyar ya ishe shi. Kuma tun ranar farko ka kafa masa doka da bakinka, ba a nuna mutum ko da wasa ko da ba kibiya a kai, wannan ma hadisi ne an hana nuna ɗan uwa da makami, haka an hana mayar da abu mai rai abin gwada saiti, saboda haka kajin mamansa da magen maƙota da ƙadangaru duk sun fita. Ba a fita da shi layi. Ranar da ya karya doka ba sai ka dake shi ba, ka rataye bakan a ƙusa inda yana gani baya kaiwa har kwana uku, zaka sha mamaki.

Ajiyar kuma ka ba mamansa, ita zata fito da shi ita zata mayar, in ta ga ikon a hannunta yake hankalinta zai kwanta, ƙanwarsa kuma in ta ce sai ta harba a bata ta harba, ba abin da zai same ta. Kwari kar ka saya, akwai wani badukun da muka saba a Kasuwar Kurmi, zan sa ya ɗinka masa ƙarami da jar fata da 'yar igiyar ratayawa, wannan nawa ne ni kakansa. In itacen ya bushe ka kawo min shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in duba ɗaurin tsirkiyar, ka taho da babanka ma in zai zo, ya nuna wa jikan nasa girar da kansa. Ka gaida mutan gidan.