Katangar gaban gida a Ingila: shin shekara huɗu na halatta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara muka sayi gida a Ingila, katangar gabansa ko ƙugu ba ta kai ba. Duk mai wucewa yana hango falonmu, uwargida ta kasa sakewa, yara kuma ba na iya barinsu a waje. Abin yana hana ni barci. Na so in ɗaga ta zuwa mita 2, sai wani ɗan'uwa ya ce in gina kawai, in ta shekara huɗu hukuma ba ta da ta cewa. Haka ne? Kuma ko akwai sassauci ga mai neman sutura saboda addini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya tashi a gidan da sai an ratsa zaure kafin a ga tsakar gida, dole wannan ya dame shi. Amma don Allah kada ka kira birkila tukuna.

Dokar tsara gine-gine ta 2015 ta ba ka mita 1 ba tare da neman izini ba in katangar na bakin hanyar mota, kuma gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi yana cikin hanyar. A bayan gida da tsakaninka da maƙwabci, in ba bakin hanyar mota ba ne, mita 2. Ragar katako da ake ɗorawa a sama ana lissafa ta cikin tsayin. Sassaucin kaɗan ne: in ka tarar da tsohuwar katanga halastacciya da ta wuce haka, kana iya gyara ta zuwa tsayinta na da, makarantu kuma an ba su mita 2 muddin ba su tare wa direbobi gani ba. Addini ba ya ciki. Wasu ma ko mita 1 ɗin ba su da shi sai da izini, kamar gidan da hukuma ta yi wa rajistar kariya saboda tarihinsa, ko unguwar da ƙaramar hukuma ta janye wannan dama, ko rukunin gidajen da tun farko aka sharɗanta a bar gabansu a buɗe. Duba takardun gidanka.

Yanzu ga maganar shekara huɗun nan, wadda na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, yawanci bayan ya riga ya zuba kuɗinsa a bulo da siminti. A da akwai wannan ƙa'ida, gaskiya ne. Amma daga 25 ga Afrilu 2024 wa'adin ya koma shekara 10 a Ingila ga duk ginin da aka kammala daga wannan rana. Ɗan'uwan da ya ba ka shawara tsohon labari yake riƙe da shi, kuma ranar da takarda ta iso ba sunansa za a gani a kai ba. Ko a wancan lokacin ma, katangar gaban gida ba abin da ake ɓoyewa ba ne. Tana bakin titi, maƙwabci yana ganinta safe da yamma, saƙo ɗaya zai aika jami'i ya zo da abin awo. Wanda ya gwada ɓoyewa ma bai sha ba. Wani manomi a Surrey ya gina katafaren gida ya lulluɓe shi da tulin ciyawa har shekara huɗu, ya yaye yana ganin ya tsira, aka yi ta shari'a, a 2016 dole ya rushe shi.

Abin da masu wannan shawara ba sa faɗa maka shi ne abin da ke biyo baya. Gina katangar ba izini ba laifin kotu ba ne a karan kansa, amma da zarar an ba ka takardar umarnin rushewa ka ƙi bi, ya zama laifi, tarar kuma ba ta da iyaka. Ranar da ka tashi sayar da gidan, lauyan mai saye zai tono maganar. Na taɓa tsayawa a gaban gidan wani bawan Allah ana sare masa sabuwar katanga layi-layi, fentin ko dushewa bai yi ba, yana tsaye riƙe da rasit ɗin magini. Har yau abin yana ba ni takaici, domin tambaya ɗaya da ta hana.

Kuma ka lura da dalilin dokar, tunda yaranka kake ji. Direban da ke fitowa da baya daga gida ba ya ganin yaron da ke tafe a gefen titi in doguwar katanga ta tare shi.

Mafita biyu gare ka. Ka nemi izini a ƙaramar hukuma, ka haɗa zane da hotunan katangun maƙwabta, ka bayyana buƙatarka ta sutura. Yawanci ana yanke hukunci cikin mako 8, in an ƙi kana da damar ɗaukaka ƙara. Ko kuma ka bar katangar yadda take ka dasa shingen shuka mai ganye duk shekara a bayanta, domin shuka ba ta buƙatar izini sai in akwai sharaɗi a kan gidan. Sai dai ka riƙa aske shi kada ya shiga hanya. Kafin ya girma, a saka wa tagar falo takardar nan mai dusashe gilashi daga ƙasa zuwa rabi, uwargida ta samu ta sake tun wannan makon.