Wa ya shuka ciyawar da ke kan duwatsun Ɗa'if?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Makka, kusan kullum sai na hau Ɗa'if ta hanyar Hada. Tun ruwan nan na Janairun 2023 da duwatsu suka yi kore shar abin yake ɗaure min kai, wajen da na sani ƙayau ko akuya bata tsayawa sai ga ciyawa. Abokina yace wai iri aka watsa da jirgi, ni dai ban yarda ba. Daga ina ta fito?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Toh ba sai jirgi ya tashi ba, irin yana nan tuntuni a ƙarƙashin ƙafarka. Duk shekarar da ciyawa ta samu ta yi huda ta bushe, ƙwayoyinta zubewa suke, su shige tsagar dutse da ƙasar sama-sama, yawancinsu basa wuce zurfin santimita 5, su kwanta abinsu. Masana na kiransa rumbun iri na cikin ƙasa, kuma sunan ya dace, don ba duka yake tsirowa lokaci guda ba, wani ɓawonsa tauri gareshi, wani sai ruwa mai yawa ya wanke shi kafin ya farka, shi yasa yayyafi baya ruɗarsu.

Ai in ka taɓa noma a gida ka san ƙuduji, ka cire bana baɗi ya dawo, irinsa na iya haura shekara 10 a gona yana jiran dawa. Wani masani a Amurka, William Beal, ya binne iri cikin kwalabe a 1879, da aka tono ɗaya a 2021 wasu suka tsiro. Amma fa kar wannan ya ruɗe ka, irin yawancin ciyawar kiwo baya wannan daɗewa, ƴan shekaru ne ya mutu ko tururuwa ta kwashe.

Nan matsalar take. In aka saki tumaki da awaki suka cinye tsiron tun kafin ya yi iri, bana haka baɗi haka, an ɗebi rumbu ba a zuba ba kenan, ga dutse da gangara, ƙasar na tsiraicewa ruwa ɗaya zai wanke ta da irin gaba ɗaya zuwa kwari. Mutanen duwatsun Sarawat, wato jerin duwatsun da Ɗa'if take kai, sun san haka tun da can, a da suna da tsarin hima, a killace waje a hana kiwo sai ciyawa ta zubar da iri. Manzon Allah (SAW) ma ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyadina Umar ya keɓe Rabaza.

Bishiyar ar'ar, wata bishiyar kan dutse da kake gani ta wajen Shafa kusa da Ɗa'if, kuwa nata daban ne, irinta wuyar tsirowa gareshi, ƙananan bishiyoyin kuma sun fi rayuwa a inuwa, in akuya ta gansu shikenan.

In kana son gani da idonka, ɗebo ƙasar gindin dutse cikin kwano, ka riƙa ba ta ruwa isasshe sati biyu zuwa uku a inda rana bata dukanta sosai, ka ga abin da zai tsiro.